Madeleine: Asalin Suna da Kayan da Aka Ɗora Masa

Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. Abin nufi shi ne da suna ake juya mutum, a kira shi ya waiwayo, kamar yadda mahayi ke juya dokinsa. Amma akwai wani gefe na wannan karin magana da ba a cika kulawa da shi ba, watau linzami yana hannun wanda ya riƙe shi ne, doki kuwa sai dai ya bi. Ba mai suna ke zaɓar sunansa ba, ba kuma shi ke yanke abin da jama'a za su riƙa ji a ransu in an ambace shi ba.

Wannan maƙala za ta ɗauki suna guda ɗaya daga cikin sunayen matan Faransa, watau Madeleine, wanda Faransawa ke furtawa kamar "Madlen". Duk ɗalibin da ya taɓa karatun Faransanci, ko a Yamai ko a Zariya, ya sha cin karo da shi a littattafai. In aka buɗe littafin ma'anar sunaye, irin wanda iyaye ke dubawa kafin haihuwa, za a tarar an rubuta a gabansa: "hasumiya". In kuwa aka tambayi wata tsohuwa a ƙauyen Faransa, abin da zai fara zo mata shi ne mace mai kuka da nadamar zunubi. Duka amsoshin nan biyu suna da tarihi, amma ba ɗaya suke ba wajen gaskiya. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, mai nazarin sunaye bai gama aikinsa ba in ya tsaya ga tono saiwar kalma kaɗai. Wajibi ne ya bi sawun kayan da mutane suka ɗora wa sunan, ya bayyana wanda ya ɗora su, da kuma waɗanda nauyin ya danne.

Asalin Kalmar

A gaɓar yammacin Tafkin Galili, a arewacin ƙasar Falasɗinu, kimanin kilomita 5 arewa da birnin Tibariya, an yi wani gari a zamanin Annabi Isa (alaihis salam) da ake kira Magdala. Gari ne na masunta. Littattafan malaman Yahudawa sun ambaci wani wuri a wannan yanki da suna Migdal Nunayya, watau Hasumiyar Kifi, kuma masana da yawa sun tafi a kan cewa shi ne garin da Girkawa ke kira Tarikiya, ma'ana inda ake sa wa kifi gishiri domin ajiya. Wani ƙauyen Larabawa mai suna al-Majdal ya ci gaba da zama a wurin har zuwa yaƙin 1948, lokacin da mutanensa suka watse. A 2009 masu haƙo kayan tarihi suka tono majami'ar Yahudawa ta ƙarni na 1 a cikin kangon garin.

Sunan garin ya fito ne daga kalmar magdala ta Aramanci, harshen da mutanen Galili ke yi a wancan zamani, wadda takwararta a Ibrananci ita ce migdal. Ma'anarta hasumiya, ko dogon gini na tsaro, irin wanda ake hawa a hango abokan gaba, kamar yadda Katsinawa suka yi amfani da Gobarau. Saiwar kalmar baƙaƙe uku ne, g-d-l, masu ɗauke da ma'anar girma. Ɗafa-goshin mi- ko ma- da ke gabanta kuwa, ɗalibin Hausa ba baƙonsa ba ne. Shi ne ke gina sunan wuri da na kayan aiki a Larabci, kamar maktab da miftah, kuma irinsa ne ke gina makaranta da maƙera da marina da mabuɗi a Hausa. Wannan yana cikin alamomin da masana ke kafa hujja da su cewa Hausa da Larabci da Ibrananci tsatso ɗaya suka fito tun zamani mai nisa. Ke nan migdal na nufin wuri mai girma, ko abin da aka ɗaukaka.

Daga Sunan Gari Zuwa Sunan Mace

To, yaya aka yi sunan garin masunta ya zama sunan 'yan mata a Faransa? Dalili shi ne wata mace guda ɗaya. Littattafan Linjila huɗu da Kirista ke karantawa sun ambaci wata mai suna Maryamu, mutuniyar wannan gari, fiye da sau 10. A bisa ruwayarsu, an warkar da ita daga aljanu 7, ta shiga cikin matan da ke bin Almasihu suna ɗaukar nauyin tafiyar da dukiyarsu, ta tsaya a wurin gicciye sa'ad da yawancin almajirai maza suka gudu, kana ita ce ta fara kai labarin tashinsa. Musulmi ba su yi imani da gicciye ba, Alƙur'ani kuma bai ambaci wannan mace ba. Ana kawo ruwayar ne a nan domin ita ce tushen sunan.

Maryamu suna ne da ya yi yawa ƙwarai tsakanin matan Yahudawa na wancan zamani, har a cikin Linjila kanta akwai Maryamu da dama. Dole a sami hanyar bambanta su. An san wata da sunan ɗanta, an san wata da sunan mijinta, ita kuwa wannan aka san ta da garinta. Marubutan Girkanci suka ƙara wa Magdala ɗafa-ƙeya mai nuna asali, suka ce Magdalene, daidai da yadda Bahaushe zai ce Bakanuwa ko Bakatsiniya ko Bazazzagiya. Larabawa suka ce al-Majdaliyya. Ke nan fassarar da ta fi kusa da gaskiya ita ce "mutuniyar Magdala". Littafin sunaye da ya rubuta "hasumiya" ya tsallake mataki guda, ko da yake bai yi ƙarya ba.

Wannan al'ada ta laƙabi ya haɗiye sunan yanka sananniya ce a ƙasar Hausa. Shagari da Tafawa Ɓalewa da Zungur duk sunayen garuruwa ne, amma in an ambace su mutane ake tunawa kafin a tuna garuruwan. Hajiya Gambo Sawaba sunanta na yanka Hajaratu. Gambo ya zo ne daga haihuwarta bayan tagwaye, Sawaba kuma daga gwagwarmayar siyasa. Haka ya faru ga Maryamun Magdala. Da tafiya ta yi nisa sai Turawa suka yanke laƙabin daga jikin sunan, suka riƙa raɗa wa 'ya'yansu shi kaɗai, ko kuma su haɗa biyun su ce Marie-Madeleine, wanda har yau ana jin sa a Faransa.

Abin lura kuma shi ne, tun da wuri an karanta laƙabin a matsayin yabo. Jerome, malamin da ya fassara littattafan Kirista zuwa Latin, wanda ya rasu a 420, ya bayyana cewa an kira ta mai hasumiya ne saboda ƙarfin imaninta. Wannan fassara ce ta mai wa'azi, amma tana nuna darajar da sunan ke da ita kafin abin da zai biyo baya.

Yadda Harsuna Suka Sarrafa Sunan

Latin ya karɓi sunan da siffar Magdalena, daga nan ya bazu cikin harsunan Turai. A tsakiyarsa akwai baƙaƙe biyu, g da d, a jere ba wasali tsakaninsu, kuma kowane harshe ya bi da su ta hanyar da ta fi masa sauƙi. Jamusawa da mutanen Sifen suka bar su yadda suke. Italiyawa suka mayar da g ta zama d, suka ce Maddalena. Faransawa suka haɗiye g gaba ɗaya. An daɗe ana rubuta Magdeleine alhali baki ya riga ya daina furta harafin, daga bisani rubutu ya bi baki aka koma Madeleine. Daga nan gajerun sunaye na lele suka fito, kamar Mado da Madelon, yadda Maryam ke komawa Mairo, A'ishatu ta koma Shatu ko A'i.

A Ingila kuwa g ta narke ta zama u, aka sami Maudlin. Har yau wata tsohuwar kwaleji a Jami'ar Oxford, wadda aka kafa a 1458, ana rubuta sunanta Magdalen amma ana furta shi "Modlin". Wanda ya karanci tsarin sautin Hausa zai tuna da dokar Klingenheben, inda k ko g a ƙarshen gaɓa ke komawa u: talaka amma talauci, bugaje amma buzu. Wannan kama ba ta nuna dangantaka tsakanin Hausa da Ingilishi; tana nuna dai bakin ɗan Adam iri ɗaya ne, kuma inda ya sami tsauri yakan nemi sauƙi ta hanyoyi masu kama da juna. Masu fassara Linjila cikin Hausa kuwa suka bi hanyar da Hausa ta saba bi da baƙin kalmomi, suka saƙa wasali tsakanin baƙaƙen biyu, suka rubuta Maryamu Magadaliya, kamar dai yadda Bagdad ta zama Bagadaza a bakin Hausawa.

A nan akwai tarko ga mai gaggawa. Kunnen Bahaushe in ya ji Magadaliya zai iya jiyo gado ko magada a ciki, har ya gina labari a kai. Babu alaƙa ko kaɗan. Kamar sauti ba hujja ba ce, kuma yawancin ƙaryar da ake yi wa sunaye daga nan take farawa.

Wa'azin 591 da Abin da Ya Haifar

Zuwa nan tarihin sunan tarihi ne na harshe, babu wanda ya cutu. Amma a shekarar 591, a birnin Rum, Fafaroma Gregory na Ɗaya ya yi wani wa'azi da ya sauya kome. A cikin Linjilar Luka, a sura ta 7, akwai labarin wata mace mai zunubi, wadda ba a faɗi sunanta ba, da ta zo tana kuka ta jiƙe ƙafafun Almasihu da hawaye, ta shafe su da gashinta, ta zuba musu turare. A farkon sura ta 8 sai aka ambaci Maryamun Magdala da warkewarta. A Linjilar Yahaya kuma akwai wata Maryamu ta garin Baitanya da ita ma ta zuba turare. Gregory ya haɗa matan nan uku ya ce mace ɗaya ce, ya kuma fassara aljanun nan 7 da cewa dukkan miyagun halaye ne. Babu inda nassin ya faɗi haka. Majami'un gabas, irin na Girka da Rasha, ba su taɓa karɓar wannan haɗi ba. Amma a yammacin Turai maganar Fafaroma ta zauna daram, sannu a hankali mutuniyar Magdala ta zama karuwar da ta tuba.

Masu zane da masu sassaƙa suka ɗauka. Ƙarni bayan ƙarni ana zana ta da gashi a kwance, da kwalbar turare, da idanu jajaye don kuka. A ƙarni na 17 wani mai zane Bafaranshe, Georges de La Tour, ya zana ta sau da dama tana zaune a duhu gaban fitila, da ƙoƙon kan matacce a kusa da ita. Daga zane abin ya shiga harshe. Faransawa in mutum ya yi kuka mai yawa sai su ce pleurer comme une Madeleine, watau ya yi kuka kamar Madeleine. A Ingilishi lafazin nan na Maudlin ya zama siffa ta mutum mai saurin hawaye marasa dalili, musamman mashayi.

Ba a rasa masu gyara ba. A farkon ƙarni na 16 wani malami Bafaranshe, Jacques Lefèvre d'Étaples, ya koma ga nassin Girkanci ya rubuta cewa matan nan uku ne daban-daban. Malaman tauhidi na Jami'ar Paris suka yi tir da ra'ayinsa a 1521. Sai a 1969, da aka sake tsara kalandar waliyyai a zamanin Fafaroma Paul na Shida, Majami'ar Katolika ta raba Maryamun Magdala da mai zunubin nan. A 2016 Fafaroma Francis ya ɗaga darajar ranarta, 22 ga Yuli, zuwa matsayin ranakun manyan almajirai maza. Daga 591 zuwa 1969 shekara 1378 ke nan.

Wani zai ce, to mene ne? Kuskure ne na malamai a kan macen da ta daɗe da mutuwa, an kuma gyara. Amsa ita ce, sunan bai tsaya a littafi ba. A ƙarni na 17 an buɗe wani gida a Paris da ake kira Madelonnettes, watau ƙananan Madeleine, domin tsare matan da aka ce sun lalace. A lokacin juyin juya halin Faransa ya zama kurkuku sosai. A London an buɗe irinsa a 1758. A ƙasar Ailan irin waɗannan gidaje, masu ɗauke da sunan Magdalene, sun zama wuraren wanki da guga inda mata ke aiki ba albashi, a bayan ƙofa kulle. Da yawansu ba su taɓa karuwanci ba: akwai waɗanda suka haihu ba aure, akwai marayu, akwai 'ya'yan matalauta da dangi suka gaji da su. Binciken gwamnatin ƙasar ya nuna mata da 'yan mata kimanin 10,000 sun shiga gidajen daga 1922, kuma ba a rufe na ƙarshe ba sai 1996. A watan Fabrairu na 2013 Firayim Minista Enda Kenny ya nemi gafararsu a gaban majalisa. Ba wa'azin Gregory ne ya gina gidajen ba, amma shi ya ba su suna da riga ta ibada. Da zarar an kira yarinya Magdalene, an riga an yanke mata hukunci, an kuma gaya mata cewa maganinta kuka da wahala.

Sunan a Ƙasar Faransa

Duk da haka, Faransawa sun ƙaunaci sunan, kuma akwai dalili. Tun ƙarni na 11 sufayen Vézelay, a lardin Burgundi, suka yi da'awar ƙasusuwan waliyyiyar na wurinsu, garin ya zama babbar matattarar masu ziyara. A 1279 kuma aka ce an gano kabarinta a Saint-Maximin, a kudancin ƙasar, tare da almarar cewa ta ƙetaro teku a jirgin ruwa ta yi shekara 30 tana ibada a kogon Sainte-Baume. Ba tarihi ne ya haifi wannan labari ba, amma ya mayar da mutuniyar Galili 'yar gida a Faransa. Ga talaka mai jin nauyin laifinsa, waliyyiyar da ta yi zunubi aka yafe mata ta fi kusa da zuciya bisa ga wadda ba ta taɓa kuskure ba.

Doka ma ta taimaka. A 1803, zamanin Napoleon, aka kafa dokar da ta taƙaita sunayen da za a iya rubutawa a rajistar haihuwa ga waɗanda ke cikin kalandu da na sanannun mutanen tarihin da. Ba a ba iyaye cikakken 'yancin zaɓi ba sai a 1993. Cikin wannan tsawon lokaci sunayen waliyyai suka mamaye ƙasar, Madeleine kuma ya kasance cikin waɗanda suka fi yawa a farkon ƙarni na 20, kafin ya ja baya a rabin ƙarnin na biyu ya zama sunan kakanni.

Daga mutane sunan ya tsallaka ga wurare da abubuwa. A tsakiyar Paris akwai majami'ar La Madeleine mai ginshiƙai 52, wadda Napoleon ya so ya mayar da ita dandalin tunawa da sojojinsa, aka gama ta a 1842. Wani kogo a lardin Dordogne mai wannan suna, inda aka haƙo kayan ƙashi da na dutse tun wajen 1863, ya ba da sunansa ga wani zamani guda na tarihin ɗan Adam a Turai, kimanin shekara 17,000 zuwa 12,000 da suka wuce. Wasu 'yan tsibirai a gaban birnin Dakar suna ɗauke da shi. Har wa yau akwai wani ɗan ƙaramin kek na fulawa da ƙwai da man shanu, wanda garin Commercy ya shahara da shi. Marubuci Marcel Proust, a littafinsa na 1913, ya sa ɗanɗanon wannan kek da aka tsoma a shayi ya dawo wa mai ba da labari da ƙuruciyarsa duka, har Faransawa suka mayar da abin karin magana: duk wani ƙamshi ko ɗanɗano da ya tuno wa mutum da can baya, sai su ce madeleine ɗinsa ke nan.

Sa'an nan ga matan da suka amsa sunan. Madeleine de Scudéry, wadda ta rayu daga 1607 zuwa 1701, ta rubuta ƙagaggen labari mai juzu'i 10, ɗaya daga cikin mafiya tsawo a Faransanci. Madeleine Brès ita ce Bafaranshiya ta farko da ta sami digirin likita, a 1875, ta kuma ƙare rayuwarta kan lafiyar uwa da jariri. Marie-Madeleine Fourcade ta shugabanci wata babbar ƙungiyar asiri mai yaƙi da mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kama ta, ta tsere. Babu ɗaya cikinsu da tarihi ya san ta da kuka.

Darasi ga Mai Nazarin Sunaye

Akwai ra'ayoyi biyu da suka zama ruwan dare a kan wannan batu, kuma tarihin Madeleine ya karya su duka. Na farko shi ne na masu cewa ma'anar suna tana cikin saiwarsa, in an tono ta an gama, har ma suna ganin ita ke tsara halin mai sunan. Da haka ne, da ba a kulle ko mace ɗaya da sunan hasumiya ba. Yarinyar da ke wanki a bayan katanga a 1950 ba abin da baƙaƙen g-d-l suka tsinana mata. Na biyu shi ne na masu cewa suna alama ce kawai, ma'anarsa ita ce duk abin da jama'a suka ce, don haka tono asali wasan malamai ne. Wannan ya fi na farko haɗari, domin yana nufin in mai iko ya yi kuskure jama'a suka bi, kuskuren ya zama gaskiya ke nan. Lefèvre bai yarda da haka ba. Ya koma ga nassi ya ƙirga matan, ya tarar su uku ne, kuma ko da aka yi tir da shi lissafinsa bai canja ba. Abin da aka gyara a 1969 da irin aikinsa aka gyara shi.

Hausa ma tana da nata misalin. Magajiya sarauta ce mai daraja. Tarihin Daura ya nuna sarauniyoyin da suka mulki garin kafin zuwan Bayajida da wannan laƙabi aka san su, kuma a masarautu da dama ana naɗa shi ga babbar mace ta gidan sarauta. Saiwar kalmar gado ce, babu aibu a cikinta. Amma da aka riƙa kiran shugabar mata masu zaman kansu da wannan suna a birane, sai kalmar ta ɗauki wani wari, har ya zama a wasu wurare in an ambace ta sai an ƙara bayani. Ɗalibin da aka tambaya ma'anar Magajiya ya ce "mai gado" ya yi shiru, ya ɓoye rabin labari. Wanda kuma ya ba da ma'anar kan titi kaɗai ya zalunci Daurama da duk matan da suka riƙe sarautar da mutunci. Amsa ta gari ita ce wadda ta jera su bi da bi: ga asali, ga lokacin da aka ɗora kaya, ga dalili.

Wannan aiki yana da muhimmanci musamman ga sunayen mata, domin su ne tabo ya fi saurin kamawa, kuma ya fi wuyar fita. Bitrus, a ruwayar Linjila, ya yi musun sanin ubangidansa sau uku, amma sunansa ya ci gaba da nufin dutse. Maryamun Magdala, wadda ruwayar ta ce ta tsaya ba ta gudu ba, ita aka yi wa tambarin zunubi. Mai nazarin sunaye da ya ga irin wannan bambanci ya wuce, bai riƙe amanar iliminsa ba.

Kammalawa

An ga yadda sunan Madeleine ya taso daga kalmar Aramanci mai nufin hasumiya, ya zama sunan garin masunta a bakin Tafkin Galili, ya zama laƙabin mace ɗaya, kana ya ratsa Girkanci da Latin ya isa Faransa yana zubar da harafi a hanya. An kuma ga yadda wa'azi guda ya ɗora masa kayan da ba nasa ba, da matan da suka biya kuɗin wannan kuskure, da kuma waɗanda suka amsa sunan suka cika shi da aikinsu. Saboda haka in aka tambayi ma'anar Madeleine, amsar da ta dace ita ce: mutuniyar Magdala, garin hasumiya, kukan da ake jingina mata kuwa ƙari ne da aka yi a Rum a 591, aka janye a 1969.

Ƙasar Hausa cike take da sunaye da laƙubba da sarautu waɗanda ba a bi sawunsu ta wannan hanya ba, tun daga sunayen rana irin su Ladi da Talatu, har zuwa irin su Ajuji da Ayashe da ake raɗa wa yaro don a ɓatar da mutuwa. Tsofaffin da suka san dalilansu suna ƙarewa. Ya kamata ɗaliban sashen Hausa su ɗauki alƙalami da takarda su nufi wurinsu tun da sauran lokaci, su rubuta asalin kowane suna a shafi ɗaya, abin da bakin duniya ya ƙara masa a wani shafin, kada su bari biyun su cakuɗe.